Tauraron Talotalo

An taɓa yin wata Bushiya a dajin da ke bayan ƙauyen Rafin Marke, wadda ba ta da abin so a duniya kamar kallon taurari. Ba duba take yi da su ba, ba kuma lokacin shuka take nema ba. Sha'awa ce kawai, yadda wani ke son dara, wani ke son kiwon tantabaru. Aibinta ɗaya ne, bakinta ya fi ƙayar bayanta tsini.

A tsakiyar dajin akwai wani falalen dutse mai faɗi, babu bishiya kusa da shi. Da rana ta faɗi sai Bushiya ta hau, ta kwanta rigingine, ta miƙe 'yan gajerun ƙafafunta sama. Tun ana yi mata dariya har aka fara bin ta. Zomo ya zo, Kurege ya zo, tsoho Damo ma ya ja jiki ya zo, har wurin ya zama dandali.

Cikin masu zuwa har da Zabuwa. Ita kam ba taurari ne suka dame ta ba. Ta dai lura cewa duk inda aka taru ba a rasa mai ɗan abin taɓawa, ita kuwa in dai a kan tsabar gero ne, babu abin da ba za ta rantse a kai ba.

'Yan dutse suna da al'adarsu. Ba a kunna wuta a wurin, ko da garwashi ɗaya ne. In ka zo sai ka kwanta ka yi shiru, ka jira idonka ya saba da duhu, don ƙananan taurari ba sa bayyana ga idon da bai daɗe da barin haske ba. Manya irin su Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, sunayensu na gado ne, ba mai taɓa su. Amma in ka tsinto wani ƙaramin tauraro da ba wanda ya taɓa lura da shi, ka nuna wa wani, ya gani da idonsa ya shaida, to 'yan dutse sai su riƙa kiransa da sunanka.

Bushiya tana da nata, wani ɗan ƙarami mai jaja-jaja. Damo ma yana da nasa, wanda sai ka kusa yin barci kafin ka gan shi.

Wata rana da kaka, bayan an gama yankan dawa, sai ga baƙo a dajin. Talotalo ne. Daga kan motar 'yan kaji ya faɗo a hanyar kasuwa, kejinsa ya fashe, wani buhun gero kuma ya biyo shi ƙasa. Amma ba haka ya ba da labari ba. Cewa ya yi hayaniyar birni ce ta ishe shi, ya ɗauko guzurinsa ya fito shan iska.

Talotalo yana da jela, wannan ba abin musu ba ne. In ya baza ta, ya ja fukafukai a ƙasa, jan naman wuyansa yana reto, dole ka tsaya ka kalla. Matsalar ita ce bayan wannan bai san wani aiki ba. Tun safe yake farawa, in ya rasa mai kallo sai ya tafi bakin rafi ya yi wa inuwarsa.

Zabuwa ce ta fara gano shi, ko kuma in faɗi gaskiya, ita ta fara gano buhun.

"Ranka ya daɗe," ta ce tana satar kallon bakin buhu, "ai irinku ne ya kamata a ce suna da tauraro."

"Tauraro? Raba su ake yi a nan?"

"Ana samu mana. Bushiya ma tana da nata, da sunanta ake kiransa."

"Wace ce kuma Bushiya?"

"Wata 'yar dunƙulalliya ce, ranka ya daɗe. Ko jela ba ta da ita."

Maganar ta tsaya wa Talotalo a rai. A ce wadda ba ta da jela sunanta yana sama, shi mai jela nasa yana ƙasa? Daga wannan rana ba shi da wani buri sai ya ga tauraro mai sunansa. Ya watsa wa Zabuwa ɗan gero, ya ce da yamma ta kai shi wurin.

Sun iso bayan faɗuwar rana, kowa yana kwance yana kallon sama. Talotalo ya tsaya a tsakiya ya baza jela. Ba wanda ya waiwayo. Ya juya hagu, ya juya dama, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Wane ne wannan ya tsaya mana a gaban Zara?" in ji Bushiya. "Malam, matsa gefe, ka tare mana yamma gaba ɗaya."

"Ke baiwar Allah, kin san da wa kike magana?"

"Ina zan sani, duhu ne. Ina dai ganin wani abu kamar an jingina faifai."

Zabuwa ta yi maza ta shiga tsakani. "Yaya Bushiya, babban baƙo ne daga birni. Tauraro ya zo karɓa."

"To sannu da zuwa, Malam ɗan birni. Ba karɓa ake yi ba, nema ake yi. Samu wuri ka kwanta."

Talotalo bai kwanta ba. Ya ɗaga kai ya duba, ya hangi wadda ta fi kowa haske a yamma, ya nuna ta da baki.

"Ba sai na wahala ba. Waccan nake so."

"Zara ce."

"Da can ne Zara. Daga yau Talotalo."

"Matar Wata ce," in ji Bushiya. "In ya fito sai ka nemi izininsa. Mu nan ba ma shiga tsakanin miji da mata."

Kurege ya ƙyalƙyale da dariya, Zomo ya toshe baki. Talotalo ya sha mur, wuyansa ya ƙara ja, sai dai kash, duhu bai bari an gani ba.

Bushiya, duk da bakinta, ba ta rowar sama. Ta sassauta murya ta ce, "Ka ga, abin ba wuya. Kwanta rigingine, ka yi shiru, ka ba idonka lokaci. Za ka ga taurarin da ba ka taɓa sanin akwai su ba. Sai ka zaɓi wanda ba shi da mai shi."

"In kwanta rigingine? In ɗaga ƙafafu sama kamar kazar da aka fige? A gaban jama'a?"

"Ba mai kallonka, ai."

Ita a ganinta kwantar masa da hankali ta yi. Ba ta san cewa a duniya babu maganar da ta fi wannan yi masa zafi ba.

Haka ya tsaya ƙyam, ya ɗaga wuya sama. Bushiya ta yi ƙoƙarin nuna masa nata tauraron, don ya ga irin abin da ake nema.

"Kada ka zuba masa ido kai tsaye, zai ɓace maka. Kalli gefensa kaɗan, kamar mai satar kallo."

"Ni ba na satar kallon kowa," in ji Talotalo. "Ni ake satar kallo."

"To ka gan shi?"

"Na gani mana. Wannan ɗan ɗigon? Ko kyauta aka ba ni ba na so."

Bushiya ta dubi inda bakinsa ya nufa, ta ga ba ma wannan sashen sama yake kallo ba. Ta yi tsaki ta koma kallonta.

Talotalo ya koma masauki da ciwon wuya da ciwon zuciya. Na wuyan ma da sauƙi. Abin da ya hana shi sukuni shi ne an yi hira an tashi, ba wanda ya ce uffan a kan jelarsa.

Washegari ya kira Zabuwa. "Na gano matsalar wurin nan," ya ce. "Duhu ne. Wane irin taro ne da ba a ganin manyan baƙi? Kuma ta yaya za a ga abu in babu haske? A birni ko allura ce ta faɗi, fitila ake kunnawa."

"Wallahi gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ni ma na daɗe ina wannan tunanin."

Ba ta taɓa yin wannan tunanin ba, amma buhun yana buɗe.

Yini guda Zabuwa tana jan karan dawa daga gonakin da aka girbe tana tarawa a kan dutse. Ta samo garwashi a inda manoma suka gasa dankali suka bari. Da yamma, 'yan dutse sun kwanta ke nan, ido ya fara sabawa, ƙananan taurari sun fara leƙowa, sai wuta ta tashi bal. Nan take sama ta zama baƙa wuluk, ba abin da ya rage sai Zara da wasu 'yan tsiraru.

Bushiya ta miƙe, ƙayarta duk ta tashi.

"Wane marar hankali ne ya kunna mana wuta?"

"Ni ne," in ji Talotalo, yana juyi a gaban wutar. "Na kawo muku ci gaba. Yanzu kowa yana ganin kowa."

"Mun ce maka junanmu muka zo kallo? Kullum da rana ina ganin Kurege, ya ishe ni. Ka kashe mana sama, Malam. Ka duba ka gani."

"Na duba. Waɗanda suka isa suna nan. Waɗanda suka gudu daga ɗan wannan hasken dama ba taurarin kirki ba ne."

"Wutar nan har ƙauye ana hango ta. Ka kashe ta tun muna mu kaɗai."

"Hassada ce ke damunki. Kin saba ke ce tauraruwar wurin, yanzu an ga wanda ya fi ki."

"Ni in yi hassadar mai tsintsiya a gindi?"

Zomo ya so ya yi dariya, amma daidai lokacin Talotalo ya yi wa Zabuwa alama, ta jawo buhu ta watsa gero a gefen wuta. Zomo ya haɗiye dariyarsa. Kurege ya ce shi dai a ganinsa a ba sabon tsari dama, a ga yadda zai kasance. Ya faɗi haka ne da baki cike.

Abin ya yi wa Bushiya ciwo ƙwarai. Ita ta koya wa Zomo gane Kaza da 'Ya'yanta, ita ta shaida wa Kurege nasa tauraron, ga shi sun sayar da ita a kan tsaba. Ta juya ta tafi can ƙarshen dutsen, bayan wani tudu inda hasken wutar ba ya kaiwa, Damo ya ja jiki ya bi ta.

Daga nan dandali ya rabu biyu. A ƙarshen dutse Bushiya da Damo suna kwance cikin duhu. A tsakiya kuwa kullum wuta na ci, gero na zuba, Talotalo yana ba da karatun taurari. Ya ce a birni taurari a jere suke a bakin titi, kowanne a kan sandarsa. Ya ce shi da Gamzaki sun san juna tun suna yara.

Saura dai abu ɗaya, har yanzu ba shi da tauraro. Da wuta a gabansa ba ya ganin komai a sama sai tartsatsi.

"Ga wani can ya tashi," ya ce wata yamma. "Sabo ful. Zabuwa, kin gani?"

"Na gani, na shaida, ranka ya daɗe."

"To sunansa..."

"Ya mutu, ranka ya daɗe," in ji Kurege.

Haka aka yi ta yi. Ya nuna, Zabuwa ta shaida, kafin a raɗa suna tartsatsin ya mutu. Buhu kuwa kullum sai ƙara kwanciya yake yi. Talotalo ba shi da wayo, amma ya san wannan: ran da gero ya ƙare, ran nan dandalinsa zai watse, kuma in bai samu tauraro kafin lokacin ba, ya rasa ke nan. Hankalinsa ya fara tashi.

Ana nan, wata yamma duhu bai daɗe da shiga ba, sai ga wani farin haske can ƙasa-ƙasa ta wajen ƙauye. Haske ne mai ƙarfi, wanda ko wutar kara ba ta disashe shi ba. Talotalo ya ƙura masa ido, ya jira ya mutu kamar sauran. Bai mutu ba.

"Ga shi," ya ce cike da murna. "Ga shi nan ya zo. Ya fi Zara haske. Zabuwa, shaida."

"Na shaida," in ji Zabuwa, ko kai ba ta ɗaga daga kan gero ba.

"Ku ji da kyau, kowa ya riƙe. Sunansa Tauraron Talotalo."

Kurege ya kare ido da hannu ya duba, amma wutar ta cika masa ido. "Ranka ya daɗe, kamar motsi yake yi."

"Dole ya motsa, ya ji an kira sunansa."

"Kuma yana yin sama yana yin ƙasa," in ji Zomo.

"Gaisuwa ce. Rusunawa yake yi. Ku ba ku san ladabi ba, shi ya sa abin ya zame muku baƙo."

Hasken ya ɓace bayan wata bishiya, ya sake fitowa ya ƙara girma. Talotalo ya ce ai ga irin taurarin manya nan, ba sa tsayawa can nesa sai an yi ta satar kallonsu, da kansu suke takowa.

A can ƙarshen dutse Bushiya ma ta ga hasken. Ita idonta ya daɗe cikin duhu, saboda haka ba hasken kaɗai ta gani ba. A ƙarƙashinsa akwai kafaɗu, akwai ƙafafu biyu suna takowa a hankali, akwai wani dogon abu a saɓe. Maharbi ne daga Rafin Marke, da fitila ɗaure a goshinsa. Kwanaki ke nan yana hango wuta a kan dutse, yau ya ce bari ya zo ya ga masu ita.

Damo ya sulale cikin wani tsagin dutse. "Shigo, Bushiya," ya ce. "Su suka kunna, su ji ɗumi."

Bushiya ta tsaya. Har ga Allah tana jin haushinsu, kuma da Talotalo ne kaɗai, wataƙila da ta yi tunani sau biyu. Amma Zomo yana can, Kurege yana can, wawaye ne amma nata ne. Ta kwasa da gudu iya abin da gajerun ƙafafu za su iya.

"Ku watse, maharbi ne!" ta ce tana haki. "Fitila ce a goshinsa, ga bindiga a kafaɗa."

Zomo bai tsaya tambaya ba. Kurege ya bi bayansa. Zabuwa ta cika baki da gero tukuna, sannan ta tashi fir ta faɗa cikin ciyawa.

Talotalo kuwa ko gezau.

"Na san za ki zo," ya ce. "Kin ga nawa ya fi naki, shi ne kika zo ki kore mini jama'a."

"Malam, ka bar gaban wutar nan ka duba da kyau. Tauraro ba ya tafiya da ƙafa."

"Naki ne ba ya tafiya, don ba shi da wurin zuwa."

"Ka taɓa ganin tauraron da ke taka busasshen ganye? Saurara ka ji."

"Ba abin da zan saurara." Ya sha gabanta, ya baza fukafukai. "Kuma ba inda za ki sai kin shaida. Shaidar Zabuwa kowa ya san ta gero ce. Taki nake so, a gaban tauraron da kansa."

Bushiya ta dubi hasken, ya kusa hawowa dutse. Ta dubi Talotalo, ta ga babu alamar zai ji.

"Na shaida," ta ce. "Naka ne, kai kaɗai. Har abada ba wanda zai yi maka jayayya a kansa."

Ta dunƙule, ta gangara cikin wani rami a gefen dutsen.

Maharbi ya hawo, ya tsaya yana mamaki. Shekararsa nawa yana farauta, bai taɓa ganin ƙosasshen talotalo a tsakiyar daji ba, a gaban wuta, yana jiransa. Ya sauke bindiga a hankali. Me zai sa ya ɓata albarushi a kan tsuntsun da ba ya gudu?

Talotalo kuwa ba ya ganin komai sai farin haske da ya cika masa ido. Ya kumbura ya fara jawabi.

"Barka da zuwa, takwarana. Ka sha hanya. Na san labarina ne ya kai maka har sama. To ga ni, kalli son ranka."

Ya baza jela iya bazawa. Kuma da yake ado ba ya cika sai an ga ko'ina, ya fara juyawa a hankali, don tauraro ya ga bayan ma.

Sai ya ji an damƙe jelar gaba ɗaya.

A nan ne karatun Bushiya ya shige shi a lokaci guda. Ya tuna cewa a duk abin da aka faɗa a kan taurari, ba wanda ya taɓa ambaton yatsu. Ya kurma ihu, ya yi ta dukan iska da fukafukai, ya fizga da duk ƙarfinsa. Aka ji wani tsiiit, ya tsinci kansa yana gudu cikin ƙaya, jikinsa sakayau ta baya.

Maharbi ya tsaya da damin gashi a hannu. Ya yi tsaki, ya tattake wutar, ya saɓa ragowar buhun gero, ya ce ko ba komai bai fito a banza ba.

Kafin rana ta take washegari, labari ya gama daji. Zabuwa ce ta raba shi, kuma a nata labarin ita ce ta fara cewa ba ta yarda da wannan tauraro ba.

Bayan 'yan kwanaki maharbin ya sake fitowa. Zomo ne ya fara hango fitilar, kuma a cikin ruɗewa abin da ya zo bakinsa shi ne, "Tauraron Talotalo!" Kowa ya gane, kowa ya ɓuya. Da aka ga kiran yana da amfani sai aka riƙe shi. Barewa ta ɗauka, gada ta ɗauka, fakara ta koya wa 'ya'yanta tun kafin su iya tashi. Har dabbobin ƙetaren rafi, waɗanda ba su taɓa ganin Talotalo ba, suka haddace.

Shi kuwa gogan ya daina fita da rana. Wanda da ba ya son duhu, yanzu duhu ne babban amininsa. Kaɗaici ya ishe shi, wata yamma ya jira sai da gari ya rufe sosai, ya laɓaɓo ya hau dutse. 'Yan dutse sun koma al'adarsu, kowa yana kwance, Zomo da Kurege sun daɗe da ba Bushiya haƙuri, ita kuma ta daɗe da gaya musu abin da ke bakinta.

Ba wanda ya ce masa ya kwanta. Da kansa ya kwanta rigingine, don ita ce kaɗai hanyar da zai ɓoye inda aka fige. Ya ɗaga ƙafafu sama, kunya kuma ta rufe masa baki, ya yi shiru.

Ya daɗe a haka. Can sai ya ga ɗigo ɗaya ya fito kusa da wani, sannan wani, sannan wasu. Inda ya ɗauka baƙi ne kawai, ashe cike yake. Suka yi ta fitowa har ya rasa inda zai sa ido, ga wata farar hanya ta ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Tsigar jikinsa ta tashi, abin da ya rage na gashin.

"Bushiya," ya ce a hankali, "duk waɗannan yaushe suka zo?"

"Suna nan tun ran da ka fara zuwa."

"Ban gan su ba."

"Ai ba su ka zo gani ba."

Can ya ce, "Yaya Bushiya, ina neman alfarma. A cire sunana daga kan wancan. A ba ni wani ko ƙarami ne. Ko irin na Damo ne, wanda ba a gani sai an wahala, ina so."

Bushiya ta ji tausayinsa, amma ba ta saba ƙarya ba, ba kuma za ta fara a kansa ba.

"Ƙarami kam ka nema, in ka samu zan shaida maka. Amma mu 'yan dutsen nan kaɗai za mu san shi. Wancan kuwa ya fi ƙarfina, Malam. Suna ya riga ya bar dutsen nan, ya ƙetare rafi. Wa zan bi in ce ya dawo da shi?"

Ba ta rufe baki ba sai suka ji wata murya can nesa, ta wajen ƙetare, muryar da ba wanda ya san mai ita, tana cewa, "Tauraron Talotalo!" Wata ta karɓa daga gaba, wata ta ƙara karɓa. Maharbin ya fita wancan gefen ne, ba abin da zai sa su tashi.

Talotalo yana kwance, ƙafafu a sama, yana jin sunansa yana yawo daga baki zuwa baki har ƙarshen daji, kamar yadda ya yi ta fata.

Darasin da za ku ɗauka a wannan labari, yara, shi ne duk wanda ya je wurin kallo don a kalle shi, ba abin da zai gani, kuma abin da ke tahowa ya cuce shi ma sai ya ɗauka gaisuwa ce. In kun shiga abin da ba ku iya ba, ku kwantar da kai ku koya yadda masu shi ke yi. Kuma kafin ku matsa sai an san sunanku, ku tsaya ku duba a kan me za a san shi, don in ya riga ya fita ba ku da ikon kiransa ya dawo.